Haman, Wazirin da Ya Kafa Wa Kansa Gungume

A cikin Littafi Mai Tsarki akwai mutanen da aka rubuta labarinsu domin mu bi sawunsu, akwai kuma waɗanda aka rubuta nasu domin mu ji gargaɗi. Yau za mu dubi rayuwar ɗaya daga cikin na biyun, wato Haman ɗan Hammedata, wanda labarinsa yake cikin Littafin Esta, daga sura 3 zuwa sura 9. In kana da Littafi Mai Tsarki a kusa, ka buɗe ka karanta surorin nan da kanka. A ƙasar Hausa, mutane da yawa in sun ji sunan nan sukan tuna da Hamana da ake ambata tare da Fir'auna. Wanda muke magana a kansa a ƙasar Farisa ya yi zamani, ɗaruruwan shekaru bayan Musa. Yayin da kake karantawa, ina roƙonka kada ka yi ta neman Haman a cikin maƙiyanka. Ka bar Ruhun Allah ya bincika taka zuciya tukuna.

Ƙasarsa da zamaninsa

Haman ya yi wa Sarki Ahasurus hidima. Yawancin masana sun yarda cewa wannan sarki shi ne wanda mutanen Girka suke kira Zaksis na ɗaya, ɗan Dariyus, wanda ya mallaki Farisa daga shekara ta 486 zuwa ta 465 kafin haihuwar Almasihu. Mulkinsa ya haɗa larduna 127, tun daga Indiya har zuwa ƙasar Kush, kudu da Masar. Fadar da labarin nan ya faru tana Shushan. Kangon birnin yana nan har yau a kudu maso yammacin Iran, kusa da garin Shush, kuma masu tonon kayan tarihi daga Faransa sun tone harsashin fadar da Dariyus ya gina a can.

Yahudawa suna warwatse cikin lardunan nan tun lokacin da Nebukadnezzar ya kwashe kakanninsu zuwa Babila. A shekara ta 538 Sarki Sairus ya ba su izini su koma Urushalima. Waɗansu suka koma suka sāke gina Haikali, amma da yawa suka zauna inda suke, suna sana'a, suna renon 'ya'yansu. A cikin waɗanda suka zauna akwai Mordekai, mutumin kabilar Biliyaminu, da Hadassa ɗiyar baffansa, marainiya wadda ya goya kamar 'yar cikinsa. Ita ce Esta. A shekara ta 7 ta sarautar Ahasurus aka naɗa ta sarauniya a madadin Bashti, amma ba ta bayyana asalinta ba, gama Mordekai ya umarce ta ta yi shiru.

Bayan haka ne sarki ya ɗaukaka Haman, ya sa kujerarsa bisa ta dukan manyan fāda. A maganarmu ta yau sai mu ce ya zama waziri. Sarki ya kuma ba da umarni cewa dukan barorin da suke ƙofar fāda su rusuna, su fāɗi gaisuwa duk sa'ad da Haman zai wuce.

Tsohuwar gaba

Littafin Esta yana kiran Haman Ba'agage. Malaman Yahudawa tun dā, tare da masana da yawa, sun ɗauka wannan suna yana nuna zuriyar Agag, sarkin Amalekawa. Amalekawa su ne suka auka wa Isra'ilawa a Refidim bayan fitowarsu daga Masar, suka kashe gajiyayyun da suke bayan ayari. Daga baya Allah ya aiki Sarki Saul ya hukunta su, amma Saul ya yi rashin biyayya, ya bar Agag da rai, ya kuma kwashi ganima, kamar yadda 1 Sama'ila 15 ta nuna. Saul ɗan Kish ne, daga kabilar Biliyaminu. Mordekai ma daga kabilar Biliyaminu yake, akwai kuma sunan Kish a cikin jerin kakanninsa.

Ka ga ke nan, fiye da shekara 500 bayan Saul da Agag, jikokinsu sun sāke haɗuwa a ƙofar wani sarki a baƙuwar ƙasa. Ɗan'uwana, gabar da iyaye suka bar wa 'ya'ya ba ta mutuwa da kanta. Takan kwanta kamar garwashi a cikin toka, tana jiran wanda zai hura.

Mutum ɗaya a ƙofar sarki

Kowa yana rusuna wa Haman, sai Mordekai kaɗai. Abokan aikinsa suka yi ta yi masa magana kowace rana, bai kula ba. Dalilin da ya ba su shi ne cewa shi Bayahude ne. Sai suka kai ƙara wurin Haman, domin su ga ko za a ƙyale Mordekai a kan wannan dalili.

Ka lura da wani abu a nan. Sai bayan da aka kai masa maganar ne aka ce Haman ya ga Mordekai ba ya rusunawa, ya husata ƙwarai. Kafin masu tsegumi su zo yana shiga yana fita lafiya lau. Sau nawa kai ma kake zaune da maƙwabcinka cikin salama, sai wani ya zo ya raɗa maka abin da aka ce an faɗa a kanka, daga ranar nan gaisuwa ta yanke?

Da Haman ya hukunta Mordekai kaɗai, da abin ya tsaya a kan mutum ɗaya. Amma ya ga wannan ya yi wa girmansa kaɗan. Da aka faɗa masa ko su wane ne mutanen Mordekai, sai ya ƙudura ya hallaka dukan Yahudawan da suke cikin mulkin Ahasurus. Tsofaffin da ba su taɓa jin sunansa ba, da jariran da suke goye a bayan iyayensu a lardunan da ke nesa, duka ya sa su cikin lissafi saboda gaisuwa ɗaya da aka hana shi.

Ƙuri'a, azurfa da zobe

A watan Nisan, wata na fari, a shekara ta 12 ta sarautar Ahasurus, wato wajen shekara ta 474 kafin haihuwar Almasihu, aka jefa ƙuri'a a gaban Haman domin a zaɓi ranar sa'a. Sunan ƙuri'ar a harshensu Fur. Ta faɗa a kan watan Adar, wata na 12. Haman yana tsammani ya sami rana mai kyau, bai sani ba ƙuri'ar ta ba Yahudawa wata 11 ne kafin ranar ta zo. Karin Magana 16:33 tana koya mana cewa ko mutum ya jefa ƙuri'a, Ubangiji ne yake yanke abin da za ta nuna.

Sa'an nan ya shiga wurin sarki. Dubi yadda ya shirya maganarsa. Bai ambaci Mordekai ba, bai ma faɗi sunan jama'ar ba. Ya ce akwai waɗansu mutane a warwatse cikin larduna, kuma dokokinsu dabam ne da na sauran al'ummai. Wannan gaskiya ne. Sai ya ƙara da cewa ba sa kiyaye dokokin sarki, kuma barinsu ba shi da amfani ga sarki. Wannan ƙarya ce, gama Mordekai da kansa ya taɓa ceton ran sarkin. Haka mai ƙiyayya yake yi, yakan cuɗa gaskiya kaɗan da ƙarya domin ta haɗiyu.

Ya kuma yi alkawarin zuba talanti 10,000 na azurfa a baitulmalin sarki, wato fiye da tan 300. Bisa ga lissafin Herodotus, marubucin tarihi na Girka, harajin da dukan mulkin Farisa yake tarawa a shekara a zamanin Dariyus bai kai talanti 15,000 ba. Sarki bai yi bincike ba. Ya cire zoben hatiminsa ya ba Haman, ya bar masa jama'ar ya yi yadda ya ga dama da su.

A rana ta 13 ga watan fari aka kira magatakarda. Aka rubuta wa kowane lardi da irin rubutunsa, kowace al'umma da harshenta, cewa a rana ta 13 ga watan Adar a karkashe Yahudawa duka, yaro da babba, mata da ƙanana, a washe dukiyarsu. Kashegarin ranar da aka rubuta takardun ita ce ranar yanka ragon Idin Ƙetarewa, lokacin da Yahudawa suke tunawa da yadda Allah ya fisshe su daga Masar. Urushalima ma tana ƙarƙashin Farisa a lokacin, saboda haka dokar ta shafi zuriyar Dawuda, wadda ta cikinta aka yi alkawarin zuwan Mai Ceto. Manzanni suka fita da gaggawa, birnin Shushan ya ruɗe, sarki kuwa da Haman suka zauna suna shan ruwan inabi.

Abin da dukiya ba ta iya warkarwa ba

Mordekai ya keta tufafinsa, ya sa na makoki, ya aika wa Esta ta shiga ta yi roƙo saboda mutanenta. Dokar Farisa ta ce duk wanda ya shiga wurin sarki ba a kira shi ba, hukuncinsa kisa ne, sai dai in sarki ya miƙa masa sandan zinariya. Kwana 30 ke nan ba a kira Esta ba. Ta sa Yahudawan Shushan su yi azumi kwana 3 dare da rana, ita ma ta yi tare da kuyanginta, sa'an nan ta shiga. Sarki ya miƙa mata sandan. Ta gayyace shi shi da Haman zuwa liyafa, a wurin liyafar kuma ta sāke gayyatarsu zuwa wata kashegari.

Haman ya fita ran nan yana murna. A bakin ƙofa sai ya ga Mordekai, bai tashi ba, bai kuwa nuna tsoro ba. Nan take murnar ta gushe. Ya daure ya isa gida, ya kira abokansa da matarsa Zeresh, ya shiga lissafa musu yawan dukiyarsa, da yawan 'ya'yansa maza, da yadda sarki ya fifita shi bisa kowa, da yadda sarauniya ba ta gayyaci kowa tare da sarki ba sai shi. Bayan duk wannan sai ya faɗa musu cewa ba abin da yake gamsar da shi muddin yana ganin Mordekai zaune a ƙofar sarki.

Mai karatu, a nan ne Haman ya buɗe mana cikinsa. Yana da 'ya'ya maza 10, yana riƙe da zoben sarkin da ya fi kowa iko a duniyar wancan zamani, dubban mutane suna faɗuwa a gabansa, amma mutum ɗaya ya hana shi jin daɗin ko ɗaya. Wanda ya jingina farin cikinsa a kan girmamawar mutane ya miƙa mabuɗin zuciyarsa ga duk wanda ya ƙi gaishe shi. Gaskiyar Hausawa da suka ce girman kai rawanin tsiya.

Matarsa da abokansa ba su kwantar masa da hankali ba. Suka ba shi shawara a kafa gungume mai tsawon kamu 50, wato wajen mita 23, da safe ya nemi izinin sarki a rataye Mordekai a kai, sa'an nan ya tafi liyafa da farin ciki. Shawarar ta yi masa daɗi, ya sa aka kafa gungumen. Ka dubi waɗanda kake kai wa kukanka sa'ad da ranka ya ɓaci. Suna zuba ruwa ne, ko suna ƙara itace?

Daren da barci ya ƙi zuwa

A daren nan sarki ya kasa barci. Ya sa a kawo littafin tarihin mulkinsa a karanta masa. Aka kai ga inda aka rubuta yadda Mordekai ya tone asirin Bigtana da Teresh, matsaran ƙofa biyu da suka ƙulla su kashe sarki. Sarki ya tambaya wace ladar aka ba Mordekai, aka ce ba a yi masa kome ba. A daidai wannan lokaci Haman ya iso farfajiyar waje domin ya nemi izinin ratayewa.

Sarki ya kira shi ya tambaye shi abin da ya kamata a yi wa mutumin da sarki yake so ya girmama. Haman ya ɗauka ba wanda sarki zai so ya girmama sai shi. Ya ce a kawo rigar da sarki ya taɓa sawa, da dokin da sarki ya taɓa hawa, a sa ɗaya daga cikin manyan fāda ya naɗa wa mutumin rigar, ya ja dokin cikin dandalin birni yana shelar girmansa. Sarki ya umarce shi ya yi wa Mordekai Bayahude haka nan, kada ya rage kome.

Da haka waziri ya zama zagin mutumin da ya zo neman ransa, ya zama sanƙiransa kuma. Bayan an gama, Mordekai ya koma wurin aikinsa a ƙofar sarki. Haman kuwa ya gaggauta zuwa gida da kai a lulluɓe. Waɗanda suka ba shi shawarar gungume jiya, su ne yau suka ce masa in dai Mordekai Bayahude ne, ba zai rinjaye shi ba, faɗuwa zai yi. Suna cikin magana babannin sarki suka zo suka tafi da shi liyafa.

Ƙarshensa

A liyafa ta biyu Esta ta roƙi sarki ya ceci ranta da na mutanenta, gama an sayar da su domin hallaka. Sarki ya tambaya wane ne ya yi ƙarfin halin yin haka. Ta nuna Haman. Sarki ya tashi da fushi ya fita zuwa lambun fāda. Mutumin da ya so ya hallaka al'umma domin Bayahude ɗaya bai rusuna masa ba, ga shi yanzu yana roƙon ransa a gaban Bayahudiya. Da sarki ya komo ya tarar da shi ya fāɗi a kan shimfiɗar da Esta take kishingiɗe, fushinsa ya ƙaru, aka rufe fuskar Haman. Harbona, ɗaya daga cikin babannin, ya ba da labarin gungumen da ke gidan Haman. A kansa aka rataye shi. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya.

Aka ba Esta gidansa, aka ba Mordekai zoben. Amma muguntar da ya shuka ba ta mutu tare da shi ba, gama dokar da aka buga wa hatimin sarki ba ta sokuwa. Sai da aka rubuta wata doka a rana ta 23 ga watan Siwan, wata na 3, wadda ta ba Yahudawa izini su taru su kāre kansu. Da ranar Adar ta zo jini ya zuba. An kashe mutum 500 a Shushan a rana ta fari, 300 a rana ta biyu, 75,000 kuma a larduna. 'Ya'yan Haman 10 suna cikin waɗanda suka mutu. Sau uku aka rubuta cewa Yahudawa ba su taɓa ganima ba, abin da Saul ya kasa yi.

Har wa yau Yahudawa suna kiyaye idin Furim a ranakun 14 da 15 ga watan Adar, wanda yakan faɗo a Fabrairu ko Maris. Sukan karanta Littafin Esta duka, su aika wa juna abinci, su ba matalauta kyauta. A majami'u da yawa, in mai karatu ya kai ga sunan Haman, sai jama'a su yi ta buga ƙafa da hayaniya don kada a ji shi.

Kai fa, mai karatu?

Ba a ambaci sunan Allah ko sau ɗaya a Littafin Esta na Ibrananci ba, duk da haka hannunsa yana ko'ina: a ƙuri'ar da ta faɗa nesa, a marainiyar da ta zama sarauniya, a barcin da ya guje wa sarki. In kana cikin tsanani saboda bangaskiyarka, ko wani mai iko ya sa ka a gaba, kana ganin kamar Allah ya yi shiru, ka ƙarfafa. Wanda ya kiyaye jama'arsa a Shushan bai sāke ba.

Amma akwai tambayar da ta fi wannan wuya. Wane ne Mordekai ɗinka? Wataƙila ɗan'uwa ne a ikkilisiya wanda bai ba ka girman da kake ganin ya cancance ka ba. Wataƙila kishiya ce, ko suruka, ko abokin kasuwa. Allah ya ba ka lafiya da abinci da 'ya'ya, amma da zarar ka hango mutumin nan sai duk albarkun su zama kamar ba kome. Ko kuwa mutum ɗaya daga wata kabila ko wani addini ya cuce ka, yanzu kana zagin dukansu a gaban 'ya'yanka. Haman ma daga nan ya fara. Wasiƙar Yahaya ta fari 3:15 tana lissafa mai ƙin ɗan'uwansa tare da masu kisankai. Yaƙub 4:6 kuma tana faɗa mana cewa Allah yana gāba da masu girman kai, yana ba masu tawali'u alheri.

Haman ya kafa itace domin maƙiyinsa, ya mutu a kai saboda laifin kansa. Yesu Almasihu, wanda ba shi da laifi, ya yarda aka rataye shi a kan itace saboda maƙiyansa, ya kuma roƙa musu gafara. Romawa 5:10 ta ce muna maƙiyan Allah ne sa'ad da aka sulhunta mu da shi ta wurin mutuwar Ɗansa. Haman ya nemi jinƙai bayan lokaci ya ƙure. Kai kuwa kana da yau. Ka kawo fushin nan gaban Ubangiji, ka kira sunan mutumin a cikin addu'a, ka roƙa masa albarka. In zai yiwu, ka je ka gaishe shi a wannan mako, ko da shi ne ya kamata ya fara.

Bari mu yi addu'a.

Ya Uba na Sama, ka san zuciyata. Ka gafarta mini girman kaina da ƙiyayyar da na ɓoye. Ka koya mini in gode maka saboda abin da ka ba ni, in daina neman girma a wurin mutane. Ka sa wa wanda ya ɓata mini rai albarka, ka ba ni ƙarfin zuwa wurinsa. Ka kiyaye jama'arka a duk inda ake ƙulla musu mugunta. A cikin sunan Yesu Almasihu na roƙa. Amin.